Kawuna Mai Allurar Shanu da Ɗakin Kayansa

Daga Allah muka fito, gare Shi muke komawa ɗaya bayan ɗaya. A wannan karon Kawuna aka kira, yayan mahaifiyata, ya kuwa amsa da hantsin wata Talata bayan an gama yankan hatsi, yana kishingiɗe a zaurensa na Birnin Ƙonni.

Ina wurin aiki a Tawa aka buga mini waya. Kafin motar da na shiga ta iso, an riga an kai shi makwancinsa, don haka ban ga fuskarsa ba, sai fuskokin waɗanda ya bari. Ƙofar gida ta cika har bakin hanya. Mutanen Bazaga sun kwance jakunan amalankensu sun ɗaure a gindin dogon yaro, baburan mutanen Tajaye sun yi layi a jikin katanga, Fulanin Alela kuwa sun jingine sandunansu sun zauna. Ina ratsa zaure na ji wani dattijon makiyayi yana cewa, ba tare da ya dubi kowa ba, "Mutumen ga ya san kakannin shanuna hiye da yadda ni san kakannina."

A cikin gida mata na ta kuka. Maƙwabciyarsu, wata tsohuwa mai tuyar ƙosai, ta share hawaye da bakin zane ta ce, "Oh ni! Yanzu sai mu yada tsohin ƙoranmu bisa juji, ba mai biyo mu da hwaɗa." Sai aka fashe da dariya a tsakiyar kukan, aka kuma koma kukan. Daga baya aka ba ni labarin abin da liman ya faɗa a maƙabarta: wai in ka ba Kawu aron sabon abu, kafin ka juya ya maido maka, amma in tsoho ne, to ka yi bankwana da shi. Inna, matar Kawu, ita kaɗai ce ba ta yi kuka ba. Tana zaune a kan tabarma, carbi a hannu, tana amsa gaisuwa da kai.

Da yamma babban ɗansa, taubashina, ya ja ni gefe. Tun muna yara ban taɓa jin ya yi mini magana ba da tsokana ba sai ranar. Ya nuna ƙofar ɗakin da ke kusa da rumbu, ya ce, "Taubashiya, ke kaɗai kinka san kan ɗakin ga. Rufin ya hwara zuba, wasu na cewa a share shi a huta. Mi za mu yi?"

Na ce ya ba ni lokaci. Wannan rubutu shi ne amsar, ko da yake ta yi tsawo.

Kawu malamin dabbobi ne. Mai allurar shanu, haka ƙauyuka suka san shi. Ya yi aikin tun ana yawo a kan doki har aka koma babur, kuma babu wata mashaya ko ruga tsakanin Ƙonni da Illela da bai kwana a cikinta ba. Yana jin Fulatanci kamar a ruga aka haife shi, yana taɓa Buzanci daidai na gaisuwa da ciniki. A jakarsa, ban da allura da magani, kullum akwai abin ɗaukar hoto da ƙaramar rediyo mai cin kaset. In an gama allura, shanu sun watse, sai ya zauna a inuwa ya kunna rediyon ya ce wa tsofaffi, "To, ku ba ni labari." In ya ga mace za ta jefar da fasasshiyar ƙwarya, sai ya roƙa. In maƙeri ya mutu ba magaji, sai a ga Kawu ya dawo da zuga-zugi a bayan babur.

Haka ɗakin ya cika. Hotuna a cikin akwatunan ƙarfe, kaset-kaset a kwalaye, takardun ajami na maganin dabbobi, ƙoran tatsa, mazarai, tsoffin hauyoyi, guga, ƙarfen sa wa raƙuma shaida, zannuwan saƙi, da kwalabe cike da irin hatsi da dawa da wake waɗanda manoma suka daina shukawa. Ba a rubuta komai a jikin komai ba. Duk bayanin yana cikin kan Kawu. In baƙo ya ɗauki abu, sai ya faɗi mai shi, da garinsu, da wanda ta aura, da yadda auren ya ƙare.

Uwata yake kirana, domin sunan mahaifiyarsa na ci. Ni kuwa aikin ɗakin karatu nake yi, tsara littattafai da takardu. Na sha ce masa ya bari in zo mu rubuta kayan nan, sai ya daki ƙirji ya ce, "Ga littahin nan, gara ba ta cin shi." Gara kuwa ta ci kwali guda na takardu a wata damina, bai girgiza ba. Abin da ya girgiza shi daban ne. Wata safiya ya buga mini waya, muryarsa ƙasa-ƙasa, ko doguwar gaisuwar da ya saba bai yi ba.

"Uwata, ina riƙe da hoton wani mutum. Na ci tuwon gidanai, na san kalar sa nai, na san inda rijiyarsu take. Sunan ya ƙi zuwa."

Na ce, "Kawu, zai zo. Kowa na mantuwa."

Ya ce, "A'a. Sunaye sun hwara gudu na. Ki taho da na'urarki."

Wurin aikinmu yana da rumbun ajiya a intanet, manhajar da ake zuba hotuna da muryoyi da takardu a ciki, kowane da shafinsa na bayani, don duk mai nema ya samu. Na nemi izini aka buɗe wa kayan Kawu sashe. Daga nan na riƙa saukowa Ƙonni a ƙarshen mako da lokutan hutu, da kwamfuta da abin kwafar hoto a jaka.

Yadda muke yi shi ne, kowane abu sai mu ɗaura masa lamba, mu shimfiɗa farin ƙyalle a tsakar gida mu ɗauki hotonsa, sannan in buɗe masa shafi in cike gurabe: sunansa, wanda ya yi shi, wuri, lokaci, harshe, da irinsa, wato hoto ne, ko murya, ko rubutu, ko kaya. Kaset kuwa sai an jona rediyon da kwamfuta an bar shi ya yi ta juyawa daga farko har ƙarshe, don haka dole mu saurari komai, har da kukan jaki da tarin tsofaffi. In rezo, wato layin intanet, ya yi kyau mu tura, in ya ƙi mu sha shayi mu jira. Kawu yakan yi wa rezo magana kamar yadda ake yi wa jaki mai taurin kai. "Haba ɗan malam, taka mana. Kaɗan ya rage."

Tun ranar farko muka yi karo. Ni na so in ware hotuna waje guda, muryoyi waje guda, kaya waje guda, yadda aka koya mana. Kawu ya ɗauko wata ƙwaryar tatsa mai zane, ya ɗauko hoton wata matashiyar Bafulatana riƙe da ita, ya ɗauko kaset ɗin da matar take waƙar tatsa, ya jera su a gabana.

"Waɗanga ukku gida guda sunka hito. Ƙaƙa za ki raba su, ki kai kowa dangin da bai sani ba?"

Na nuna masa cewa akwai gurbin dangantaka, inda za a ɗaure shafi da shafi, wanda ya buɗe ƙwaryar ya ga hanyar zuwa hoton, daga hoton ya ji waƙar. Ya gyara tabarau, ya sa na danna, na sake dannawa. Sai ya yi murmushi ya ce, "Ashe ta san zumunci." Daga ranar ya saki jiki da kwamfutar. Da safe shi ke yaye ƙyallen da ya rufe ta da shi, har ya ce mata ina kwana.

Amma bai daina musu da gurabenta ba. In na tambaye shi lokaci, sai ya ce shekarar da fara ta cinye hatsi, ko damina biyu bayan auren mahaifiyarki. Sai mu yi ta lissafi da haihuwar yara da mutuwar tsofaffi har mu kusanci shekarar, in rubuta ta, in kuma rubuta yadda ya faɗa a ƙasa. Gurbin wanda ya yi ma bai ishe shi ba: wanda ya shuka duman, ko wadda ta fafe shi, ko wadda ta zana, ko wadda ta ɗinke shi da ya tsage? Duk sai da muka sa su. Da muka zo kan kwalaben iri, na zaɓi kaya, sai ya riƙe mini hannu. "Iri ba kaya ba na, Uwata. Mai rai na, barci yakai." Kowace damina yakan shuka kaɗan daga kowace kwalba a bayan gida don kada su mutu. A ƙarshe kaya ɗin muka sa, tunda manhajar ba ta da gurbin mai barci, amma sai da na rubuta a bayani cewa ana sabunta shi duk shekara.

Bai tsaya kallo ba, sai da ya koyi bugawa da kansa a kwamfutar da nake bar masa, da yatsa ɗaya, harshe a waje. In na koma Tawa na buɗe rumbun, sai in tarar ya cika gurbin bayani da labari mai tsawon igiyar guga. In na rage, sai ya kira ni. "Wa ya sa ki yi ma labarina aski?" Akwai wani bajimin sa da ya taɓa kayar da shi a Bazaga, wanda tun muna yara muke jin labarinsa, kuma duk shekara ƙahonsa na ƙara tsawo. Ranar da hoton san ya fito daga akwati, na ɗaga shi na ce, "Kawu, wannan ɗan maraƙin?" Ya karɓa ya duba da kyau, ya ce, "Hoto na ya rage shi. Na'urar lokacin ba ta ɗaukar abu duka."

Wata rana muna kwafar hotunan wata allura da aka yi a Tajaye tun kafin a haife ni, sai ya ce in tsaya, in ƙara girman wani mutum da ke gefe riƙe da igiyar saniya. Ya daɗe yana kallonsa. Ya ce mutumin ya tafi cin rani bakin teku a wannan shekarar, ya bar matarsa da ciki, can ya rasu, ba a ko kawo gawarsa ba. Ɗan da aka haifa yana nan Tajaye, har ya yi furfura. Kawu ya sa na kai hoton aka wanke shi babba, ya aika a kira mutumin ranar kasuwa, bai gaya masa dalili ba. Da ya zo, sai da ya ci abinci ya sha ruwa, sannan Kawu ya miƙa masa.

"Ka san wanga?"

Mutumin ya duba ya ce, "Ya yi kama da ɗana na biyu."

"Kakanai na. Babanka na."

Mutumin ya matso da hoton kusa da fuskarsa. Ya riƙe shi da hannu biyu. Can ya ce, "Baba, ashe dogo na." Kawu ya ce, "Dogo na, kuma mai dariya. Ranar nan ya hana ni aiki da ba'a." Ya zauna da shi har la'asar yana ba shi labarin duk abin da ya tuna na mahaifinsa, har yadda yake ɗaura rawani. Na san Kawu da ƙarin gishiri, amma a ranar ban ji ya ƙara ko ƙwaya ba.

Kada a ce na mai da shi waliyyi. Kawu yana da taurin kai, kuma taurin kan ya kusa raba shi da mutanen da ya fi ƙauna.

A rumbun akwai gurbin da ke cewa wa zai iya ganin abu: kowa da kowa, ko waɗanda aka ba izini, ko a rufe. Na ce masa duk muryar da mai ita ke raye, ko hoton da 'ya'yan mai shi ke nan, mu bar su a rufe sai mun tambaya. Shi kuwa ra'ayinsa a buɗe komai. "Abin da anka ɓoye shi gara ka ci," in ji shi. Ina Tawa ya shiga da yatsansa ɗaya ya buɗe shafukan ƙwaryar nan da hoton da waƙar tatsa. Matashiyar da ke cikin hoton tana nan da ranta a wata ruga kusa da Alela, ta tsufa, ta je Makka, tana da jikoki. Marigayi mijinta aminin Kawu ne na ƙut da ƙut.

Ba a daɗe ba wani ya kwafi waƙar, ta shiga wayoyi. Babban ɗanta, mai sayar da shanu, yana tsaye a kara ya ji muryar uwarsa na fitowa daga aljihun wani, ga hotonta kai ba ɗankwali ana miƙa wa juna. Daga kasuwar gidan Kawu ya zarce. Taubashina yana wurin, shi ya ba ni labari.

"Baffa, uwata kas sa cikin salula?"

Kawu ya ce, "Zamna ka sha ruwa. Ubanka da kainai ya ba ni izini in ɗauka."

"Ya ba ka ka aje. Bai ba ka ka raba ma 'yan kasuwa ba."

"Waƙar tatsa ta, ba batsa ba. In ba a ji ta ba, ta mutu."

"To ta mutu! Uwata ta, ba kayan ɗakinka ba."

Ya juya ya fita, ruwan da aka kawo masa ko kallonsa bai yi ba. Da labari ya iso ni, na rufe shafukan daga Tawa. Sai fushin Kawu ya dawo kaina. Ya ce na haɗa kai da yaro an kunyata shi, ya daina ɗaukar wayata. Nonon da ake aiko masa daga Alela tun kafin a haifi 'ya'yansa ya daina zuwa. Haka aka ci damina, aiki a tsaye, ƙyallen kwamfutar da na bar masa ba mai yaye shi.

Sai da hatsi ya fara nuna ya kira ni. Bai ce ya yi kuskure ba, Kawu ba ya faɗin haka da baki. Cewa ya yi, "Uwata, hurar gidan ga ba ta da daɗi yanzu. Ki zo ki raka ni Alela."

Muka hau kabu-kabu biyu, ƙwaryar na naɗe a cinyarsa. Ɗan ya tarbe mu fuska a ɗaure, amma ya shimfiɗa tabarma. Kawu ya ce ba wurinsa ya zo ba, wurin mai muryar ya zo, wadda tun farko ita ya kamata a tambaya. Tsohuwar ta fito tana dogara sanda. Kawu, da furfurarsa da ciwon gwiwarsa, ya durƙusa ya gaishe ta.

Ta ce, "Likita, ka tsuhwa."

Ya ce, "Na tsuhwa, Hajiya, hankali bai zo ba."

Ta ce kowa ya ji waƙar nan ban da ita, a kunna mata. Na kunna. Murya siririya ta tashi tana lallashin saniya, ana jin ƙarar nono na zuba a ƙwarya. Jikokinta suka taru. Tsohuwar ta rufe ido, leɓunanta na motsi. Da ta ƙare ta ce, "Yarinyar ga tana da murya."

Kawu ya ce, "Ke ta."

Ta ce, "Ni ta, da."

Sannan ta yanke hukuncinta, ba ta nemi shawarar ɗanta ba balle ta Kawu. Hoton a rufe shi. Waƙar a bar wa 'ya'yanta da jikokinta, in ta mutu su yi yadda suka ga dama. Ƙwaryar kuwa a nuna wa duniya duka, domin ƙawarta ce ta zana ta, ta rasu wurin haihuwar fari, kuma ba wanda ya taɓa yaba hannunta. Ta faɗi sunan ƙawar, ta sa na maimaita har na faɗe shi daidai, na rubuta a gabanta. Da za mu tafi, ɗan ya ɗaura jarkar nono a bayan babur ɗin da ya ɗauko Kawu.

A hanya Kawu ya sa aka tsaya a gindin wata gawo. Ya ce, "Ashe rumbun ga gida na. Akwai zaure, akwai tsakar gida, akwai ƙurya. Ni kau na kwashe kayan ƙurya na zuba zaure." Daga nan haka muke kiran matakan izinin nan uku. Kuma shi da kansa ya ce duk wanda muryarsa ko fuskarsa ke cikin ɗakin, sai mun je mun tambaye shi ko magadansa. Wannan ya zama yawonsa na ƙarshe. Rani guda muka yi muna bin ƙauyukan da ya yi wa allura yana saurayi. Wasu suka ce zaure, wasu suka ce ƙurya, wata tsohuwa a Bazaga ta ce a goge nata gaba ɗaya, Kawu ya ce in goge. Ko'ina muka sauka sai an yanka kaza. Ban taɓa ganinsa cikin farin ciki irin na wannan rani ba.

Bayan nan sunayen suka ƙara gudu. Yakan riƙe hoto yana neman sunan, goshinsa ya tattare, ni kuma in yi kamar ina gyara waya don kada ya ga ina jira. Ranar da na fara rubuta "ba a sani ba" a gurbin suna, ya leƙo ya karanta, ransa ya ɓaci.

"Goge. An san shi. Uwa ta haihe shi, an yanka mai rago. Ki ce ba a tuna ba."

Haka na riƙa rubutawa. Wani lokaci kuma sai ya ce, "Rubuta: mutumen kirki, ya ba ni hura ranar da babur ya lalace." In rubuta hakan, don shi ma bayani ne. Zuwana na ƙarshe bai iya zama a ɗakin ba, sai na riƙa kai masa hotunan zaure. Muka tsaya a tsakiyar wani akwati, ya ce ya gaji, mu ƙarasa in na dawo.

Wannan akwatin na fito da shi a kwanakin zaman makoki, da izinin taubashina. Aka riƙa miƙa hotunan hannu zuwa hannu a ƙofar gida, sannan a shigo da su wurin mata. Wannan ya ce ga wan babansa, waccan ta ce ga rijiyar garinsu kafin a ɗaure ta da siminti. Har gardama ta tashi tsakanin tsofaffi biyu a kan wani mai rawani, kowa na cewa nasu ne. Da yawa sun samu suna. Da yawa kuma sun zagaya sun dawo hannuna ba wanda ya gane su, waɗannan sun tafi tare da Kawu. Taubashina da ya ga haka bai sake maganar share ɗaki ba. Ya kira magina suka gyara rufin, ya ce kwalaben irin shi zai riƙa shukawa, ko da yake bai san kan noma ba.

Sauran kaset-kaset da ba mu kwafa ba na ci gaba da su ni kaɗai. Wata la'asar ina ɗakin, rediyo na juyawa, sai na ga inuwa a ƙofa. Inna ce, cikin zanen takaba. Ta tsaya tana saurare. Kaset ɗin na wata ruga ne, an ɗauke shi tun Kawu na da ƙuruciya. Ana jin mai gida na cewa a kawo wa baƙo tuwo, sai ga muryar Kawu, garau, cike da ƙarfi:

"A'a wallahi, alhamdu lillahi. Daga gida nike, uwargida ta cika ni da tuwo da miyar kuka, ko ruwa ba ni da wurin sa wa."

Inna ta shigo ta zauna a kan akwati. Ta tambaye ni wace ruga ce, na gaya mata sunan da na ji an faɗa a farkon kaset ɗin. Ta yi ɗan lissafi, sai ta kama baki.

"Ji maƙaryaci! Ranar nan hwaɗa munka yi. Ko wuta ban hura ba. Da yunwa ya hita, da yunwa ya dawo, bai ce mini komi ba."

Ta yi dariya har ta dafe ciki, dariyar ta juye ta zama kukan da ba ta yi ba tun ranar rasuwar. Na kashe rediyon na matso kusa da ita. Ta ture hannuna a hankali, ta share fuska da gefen mayafi.

"Wa ya ce ki kashe? Maida shi baya, ɗiyata. Maida shi inda yac ce uwargida."

Na mayar. Muka saurara tare har aka kira magariba.

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya yafe masa kurakuransa, Ya haskaka kabarinsa. Yadda ya ƙi yarda a manta da bayin Allah, Ubangiji Ya kira shi da sunansa a cikin mutanen Aljanna, Ya ba Inna da mu haƙurin rashinsa. Amin.